Gangunan Gendis da Kiran Magariba

Malang,
Litinin, farkon rani.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Mbak Ninik,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohon da kike jinya da dukan mutanen gidan da kike aiki a can Taiwan. Allah ya ƙara miki juriya, ya raba ki da ciwon bayan nan da kika ce yana damun ki in kin ɗaga shi, ya dawo mana da ke da ƙafafunki cikin rufin asiri. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Tsohuwarmu Simbah tana nan da ƙarfinta, sai dai kunnen ya ƙara nauyi. Yanzu in ka ce mata ga shayi, sai ta tambaye ka wa ya mutu. Maigidana Mas Darmaji yana nan yana fama da baburan mutane, hannu kullum baƙi ƙirin, ya kuma dage shi ba zai rage taba ba sai ranar da aka daina sayar da ita. Rumfata ta bakso, romon nan mai curin nama, tana tafiya daidai gwargwado, ɗalibai sun dawo daga hutu, tukunya ba ta kwana da saura. Takardar nan Tutik da kuke aiki tare a can ce za ta kawo miki, hutunta ya ƙare, jibi za ta taso. Na haɗa miki da soyayyen tempe na waken suya da kwalbar yajin da kike so, ki duba da kyau kada ta ce kwalbar ta fashe a hanya, kin san halinta da yaji.

Mbak, kin san ni ba marubuciya ba ce. Abin da ya sa na zauna na ɗauki biro shi ne wayarki ta Lahadi ba ta isar mu. Kafin Simbah ta gama tambayarki ko kina cin abinci, kafin a gama miƙa waya daga hannu zuwa hannu, tsohonki ya kira ki kin ajiye. Maganar kuwa ba ta tsaye ba ce. A kan 'yarki Gendis ce, da gangunanta, da wani abu da ita da ƙawayenta suka ƙulla za su yi ranar Asabar ta sama. Tun da na ji shi abinci ba ya mini daɗi. Ina zuba wa mutane romo hankalina yana wani wuri, jiya har na ba wani yaro kwano babu nama a ciki.

Abin da ya faru bara kin sani, amma ke a waya kika gani, ni kuwa da idona, kuma gani ya kori ji. Bari in faɗa miki yadda ya kasance, don in ba ki san wannan ba, ba za ki gane na yanzu ba. Na kai tukunyata filin da aka yi wasan, ina sayarwa ta gefen shinge. Kin san yadda ake yi a wasannin kiɗanmu na fili: ana farawa da rana, ƙungiya ta hau ta sauka, wata ta hau, da an kira magariba sai a kashe komai a tafi hutu, masu salla su yi salla, masu ci su ci, bayan nan manyan ƙungiyoyi su hau. Wannan babu mai ja da shi, ni ma ba na ja. Amma ga inda gizo ke saƙar. Kowace ƙungiya in ta hau sai ta ɗan ci lokacin ta bayanta. Wannan ya tsaya gyaran jita, wancan ya tsaya gaishe da abokansa na unguwa ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce jama'a sun roƙi ƙari alhali mutum uku ne suka yi ihu, biyu 'yan uwansa. Kowa ya ci nasa ya ci na wani. Ita kuwa magariba ba ta jiran kowa. Saboda haka duk wanda aka sa dab da ita, shi ne zai biya bashin kowa. Su Gendis aka sa a wurin, su huɗun nan mata da suka sa wa kansu suna Kembang Wesi, wai furen ƙarfe.

Sun hau rana ta riga ta yi ja. Sun yi waƙa ɗaya, Mbak, kuma wallahi sun yi ta da kyau, har samarin da ke cin bakso a gabana suka ajiye cokali. Suna tsakiyar ta biyu ladanin masallacin bayan filin ya ɗaga murya, mai kula da na'ura ya ja abinsa ƙasa, jita ta mutu, muryar Laras mai yi musu waƙa ta ɓace. Amma ganga ba ruwanta da wutar lantarki. Gendis kanta a sunkuye, idonta a rufe, kunnenta toshe da audugar nan da suke sawa, ta ci gaba da duka ita kaɗai, ladan yana Allahu akbar tana zuba masa ganga a kai. Bai kai a ƙirga goma ba Laras ta ruga ta riƙe mata hannu. Amma wani ɗan albarka ya riga ya ɗauka a waya. Abin da ke ba a nuna miki ba shi ne yadda ta sauko. Ta zo bayan rumfata ta tsuguna, ta kira ni da sunan da take kira na, ni ƙanwar uwarta, ta ce, "Bulik, wallahi ban ji ba, ban ji ba," ta yi ta maimaitawa har na rufe mata baki da tafin hannuna. Sauran kin sani: mai unguwa ya zo gida da hularsa a hannu yana zagaye-zagayen magana, matan karatun ranar Alhamis suka daina amsa mata sallama, wata har ta ce wa 'yarta kada ta ƙara hawa bayan babur ɗinta. Babu wanda ya tambayi ƙartin da suka cinye lokacin. Sai da Gendis ta yi wata uku ba ta taɓa sandunan ba.

To yanzu ga babban wasa ya zo, wanda ake yi a filin bayan gari, irin wanda mutane ke zuwa daga Blitar da Pasuruan a bayan manyan motoci. An gayyace su. Ranar da fosta ta fito Gendis ta kawo mini ita rumfa da murna, na sa tabarau na bi sunaye tun daga sama. Ƙungiyoyi sun kusa talatin, maza zalla, sai can ƙasa kusa da tambarin masu taba na ga nasu, an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe kamar kiyashi ya bi ta kan tawada. Na ce ba komai, ƙaramin suna ma suna ne. Sai da jadawali ya fito murna ta koma ciki. An sake sa su dab da magariba.

Ita da Laras suka shirya suka tafi wurin mai shirya wasan, wani Pak Sugeng, mutum mai fara'a da zobba a yatsu. Gendis ta kwaikwaya mini shi a kicin har da yadda yake shafa ciki, na yi dariya duk da raina a ɓace yake. Wai ya ce musu, "Haba 'yan ƙannena, ai gata na yi muku! Lokacin nan hasken rana ya fi kyau, hotonku zai fito kamar na 'yan fim. Kuma ku mata ne, ku gama da wuri ku koma gida kafin dare, iyayenku su sa mini albarka." Laras ta ce masa ba hoto suka zo ɗauka ba, kuma iyayenta sun san inda take. Ta tambaye shi me ya sa a cikin wannan taron ƙungiyoyi babu mata sai su. Ya buɗe ido ya ce wa ya ce babu mata? Mai gabatarwa mace ce, masu raba tabar talla a ƙofa duk mata ne, har mai dafa wa ma'aikata abinci. Ya ce shi da zai samu mata masu kiɗan rok da ya cika dandamali da su, amma ina suke? Gendis ta lissafa masa ƙungiyoyi biyar a garin nan kaɗai, ya ce bai taɓa jin su ba. Ta ce ta yaya zai ji su, tun da duk lokacin da suke wasa yana layin alwala? Nan fara'ar ta ɗan ragu. Daga ƙarshe ya ce yana da shawara: Laras ta zo da dare ta yi waƙa ɗaya tare da ƙungiyar Mas Jarot, ta sa kaya masu kyau, dubban mutane su gan ta. Sauran ukun kuma fa? Ya ce za a ba su katin shiga bayan dandamali su yi kallo. Laras ta ce ta gode, ita ba kayan ado ba ce da za a aro a mayar.

Wannan Mas Jarot ɗin, in kin tuna, shi ne mai dogon gashin nan da ke waƙa tun muna 'yan mata, yanzu gashin ya yi furfura amma yana nan yana girgiza shi. Ƙungiyarsa ce za ta fara hawa bayan hutun magariba. Shi kansa ban taɓa jin an ce ya yi wa kowa mugunta ba. Magoya bayansa ne abin tsoro. Su ne masu zuwa a manyan motocin da tutoci, tun safe suna shan abin da suke sha a cikin robar ruwa, kuma in aka jinkirta musu gwaninsu ba sa magana da baki. Robobin nan suke cikawa da yashi su yi jifa, wani lokacin ma ba yashi ba ne a ciki, ba sai na faɗa miki ba. Na ga yaron da suka fasa wa goshi a wani wasa, laifinsa kawai ya daɗe yana gwada makirfo.

Ga abin da yaran nan suka yanke. Sun ce in an bar musu lokacinsu cikakke, za su yi wasansu su sauka kafin ladan ya buɗe baki, shi ke nan. In kuwa an cinye shi kamar yadda aka saba, ba za su fara waƙar da za a yanke musu a tsakiya ba. Za su hau, su jona kayansu, su zauna shiru. In an kira salla, biyu su sauka gefe su yi, biyu su zauna a kan dandamali, in waɗancan sun dawo waɗannan su je. Ba za su taɓa barin wurin babu kowa ba, don da zarar sun sauka duka, ma'aikata za su kwashe gangunan a jera na Jarot. In hutu ya ƙare aka kunna fitilu, jama'a suka dawo, su za a tarar a zaune, kuma a nan za su yi waƙoƙinsu duka, Jarot ya jira kamar yadda su ma aka saba sa su jira. Gendis ta ce mini, "Bulik, ba mu taɓa kiran salla ba, ba mu zagi kowa ba. Lokacinmu da aka ci za mu karɓa, a hannun wanda ke da shi da yawa."

Mbak, tana gama faɗa mini na tare ta. Na ce mata ke kin manta bara? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ai gudu yake yi. Ta ce bara ɗin ce ta sa. Na ce mutane ba za su ce kun yi salla bi da bi ba, cewa za su yi yarinyar nan ta bara ta sake, ana kiran salla tana zaune a kan ganga. Mai waya ba zai ɗauki lokacin da kike sujada ba, lokacin da kike zaune zai ɗauka. Na ce to bar maganar unguwa, robar yashi fa? Su ukun suna tsaye, suna iya kaucewa, ke kina zaune a bayan ƙarafa, ina za ki gudu? Ta ce ai ganguna katanga ne. Na ce katangar fata! Na ce kuma in Pak Sugeng ya kashe muku na'ura fa, ya sa masu gadi su ɗauke ku kamar buhunan shinkafa a gaban dubban mutane? Ya gaya wa sauran masu shirya wasa kada a ƙara gayyatar ku? Ta ce, "To me muka rasa, Bulik? Waƙa ɗaya da rabi?" Sai na hau faɗa a kan ta bar kofi a kan tabarma.

Na kai ƙara wurin Mas Darmaji ina tsammanin zai tsawatar, kin san tana jin nauyinsa. Yana kwance ƙarƙashin wani babur ya saurare ni har na gama, sannan ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wai in je in tambayi uwarta wa ya taɓa hana ta abin da ta sa kai. Na ce ba wasa na zo ba. Ya fito ya goge hannu ya ce shi ma tsoron yake ji, amma shi abin da ya fi ba shi tsoro watanni ukun nan ne da ta yi ba ta kiɗa, tana zaune a ɗaki kamar wadda aka yi wa rasuwa, ba ya son ya sake ganin su. Ya ce zai ba ta hular kwano ta sa. Har yanzu ban sani ba ko da gaske yake. Simbah kuwa da muka yi mata bayani da ihu, abin da ta tambaya kawai shi ne ko ana ba su abinci a wurin.

Kada ki ɗauka ban ga abin da yarinyar nan take gani ba. Ni ce nake jin ta kullum da la'asar tana dukan matashin kai da sanduna don kada maƙwabta su yi ƙorafi. Ni ce nake shafa mata man zafi a wuyan hannu. Na ga yadda suke haɗa kuɗin hayar ɗakin gwaji, ɗaya tana koyar da yara, ɗaya tana aiki a kantin magani, su fito a gajiye su tafi su yi ta maimaita waƙa ɗaya har ta zauna. Kuma na tsaya a filayen nan da tukunyata shekara da shekaru, na ga samarin da ba su kai rabinsu ba an ba su dare da fitilu da hayaƙi. Akwai wasu 'yan mata 'yan sakandare da ke zuwa rumfata, ba don bakso ɗina ba, na sani, don su ga ko Gendis za ta leƙo ne. Ɗaya ta ce mini ta fara koyon jita a ɓoye, wai ranar Asabar za su je su tsaya a gaba. Wannan ma wani abin tashin hankalin ne, don in aka fara jifa ba a tambayar shekarun kowa. Ina jin haushin Pak Sugeng, ina jin haushin masu waya, ina jin haushin Gendis da ta sa ni a wannan hali, kuma duk a cikinsu ita kaɗai ce zan iya yi wa faɗa.

Daren jiya bayan mun ci abinci na ce mata zan rubuta miki, kuma zan ce ki hana ta. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta ce in rubuta, ita ma ta fi son haka, don in ta ji muryarki a waya ba ta iya haɗa magana. Ta ce, "In Ibu, uwata, ta ce kada in yi, ba zan yi ba, Bulik. Ba zan sa ta kuka a ƙasar mutane ba, tana wanke tsohon wani saboda ni. Zan gaya wa su Laras su nemi wani ya buga musu. Amma in na sauka a wannan karon, na sauka ke nan. Ba zan ƙara hawa in jira a kashe mini wuta ba." Ba da tsiwa ta faɗa ba, ba kuma barazana take yi ba. Na san muryarta ta barazana tun tana shekara biyar, ba ita ba ce wannan. Ta tattara kwanuka ta je ta wanke, har da tukunyar da ba aikinta ba.

To ga shi, Mbak. Lahadi ɗaya ce tsakaninmu da ranar, kuma maganarki ce za ta raba gardama. In kika ce kada, za ta kwana lafiya ranar Asabar, goshinta ba tabo, mai unguwa ba zai zo ba, ni ma in samu barci. Na zauna ne don in roƙe ki ki faɗi hakan. Na cika takarda har na karɓo wata a wurin maƙwabta, na duba daga sama har ƙasa, ban ga inda na roƙe ki ba, kuma na gwada yanzu hannuna ya ƙi. Ba kuma zan ce ki bar ta ba, don in wani abu ya same ta ban san da wane ido zan dube ki a filin jirgi ba. Ke kika haife ta, ni na raine ta, kuma yau na rasa wayon da zan ba ki. Abin da na sani kawai shi ne, in ta hau, ba zan kai tukunya ba ranar. Zan je tun da rana in kama ƙarfen shingen gaba, daidai saitin gangunanta, in tsaya da faɗin bayan nan nawa da kuke yi wa dariya. Mai jifa sai ya fara da ni.

Ki gaishe mini da Tutik in ta huta, da Mbak Endah ta garinmu da kuke haɗuwa a tashar jirgin ƙasa, ki ce mata mahaifiyarta ta samu sauƙi har ta fara fita kasuwa. Ki gaida tsohonki ko da ba zai gane ba. Simbah tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa safa. Mas Darmaji yana gaisuwa, haka ɗanmu Bayu da matarsa da jaririyarsu da ta fara haƙori. Laras ma ta ce in miƙa gaisuwarta ga uwar mai gangarsu. Gendis na tambaye ta me zan rubuta miki daga gare ta, ta ce kada in rubuta komai. Ta ce ranar Lahadi ita za ta fara ɗaukar wayar, kafin Simbah, kuma ba za ta yi magana ba sai kin yi.

Allah ya haska miki abin da ya fi alheri, ya tsare mana ita ko ta wace hanya kika zaɓa.

Ƙanwarki da ke jiran Lahadi da zuciya a hannu,
Wuryani